Zakaran surukata ya hana maƙwabta barci: masu kiwon kaji a gida, ina mafita?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni kiwon kaji a cikin gida. Wata biyu ke nan da tarewarmu a Badariya, nan Birnin Kebbi. Gidan ba wani babba ba ne, amma akwai ɗan fili bayan kicin da iccen dogon yaro guda. Surukata ta zo ganin gida daga ƙauyensu wajen Bunza, ta zo mana da kaji biyu da wani jan zakara, ta ce gidan da ba kaza ai bai gama zama gida ba. Na yi murna, don dama ina son yara su riƙa samun ƙwai.

To zakaran nan ba ya jiran asuba. Ƙarfe uku na dare ya buɗe baki ke nan, kuma da rana ma bai san hutu ba. Maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ne, wani mako yana aikin dare, kuma tagar ɗakinsa daidai take da katangar da kajin ke kwana. Shi bai ce komai ba. Amma jiya matarsa ta shigo aron turmi, tana dariya ta ce, "Maman Ilham, ai yanzu mun huta da saita waya, kun kawo mana ladan." Na yi dariya ni ma, amma na ji saƙon.

Shin kaza za ta yi ƙwai in babu zakara? Kuma in na yanka shi me zan gaya wa Inna ranar da ta dawo? Sannan ta ina ake farawa gaba ɗaya, don ni ko akurki ban yi ba tukuna, a bayan tsohon buhun siminti suke kwana.

Abu_Hanifa_Jega:
Wa alaikumus salam. Kaza tana yin ƙwanta ko babu zakara, Hajiya. Amfaninsa kawai ƙwan ya ƙyanƙyashe. Duk ƙwan kiret da kike saye a kasuwa, kajin da suka yi shi ba su taɓa ganin zakara ba. In ƙwan ci kike so, tukunya ta raba gardama.

Hajjo_Gwandu:
Tukunya kuma? Kyautar suruka? Abu_Hanifa da ganinka ba ka taɓa zama da uwar miji ba. Ranar da ta zo kafin ta zauna sai ta leƙa bayan kicin ta ƙirga.

Abu_Hanifa_Jega:
Hajjo ai ni ba a kai ni gidan miji ba, kin ga ba laifina ba ne.

Baba_Manomi:
Ikon Allah. Yau cara ce ta zan abin ƙara? Mu da muka tashi gidan da zakara biyar ka amsa ma juna, ba wanda ya taɓa zuwa asibiti don haka. Ɗiyan zamani kun saba da kwana cikin ƙarar janareta har safe, ba ku ce komi ba, sai zakaran ga da Allah ya halitta da cara shi ne mai laihi. Ɗiyata ki bar abinki. Mako biyu kunnensu ya saba.

Nas_Zainab:
Baba, da girmanka, a ƙauye tsakanin ɗaki da ɗaki akwai tazara, kuma kowa da magariba ya yi shirin kwanciya, da asuba kowa ya tashi. A nan fuloti ne manne da fuloti, katanga ɗaya ta raba ku. Ni aikin da maƙwabcin nata yake yi shi nake yi. Ki kwana tsaye kan marasa lafiya, ki dawo ƙarfe takwas da rabi kanki kamar zai tsage, ki samu barci ya fara ɗaukarki, sai abu ya tsala ihu a ƙarƙashin tagarki. Kuma ba sau ɗaya zai yi ya bari ba, sai kin fara komawa ya sake. Ƙarar janareta iri ɗaya ce, kunne yana iya mantawa da ita. Cara kuwa zabura take sa mutum. Mutumin nan kunya ce ta hana shi magana, shi ya sa ta fito ta bakin matarsa.

Dakta_Bashar:
Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba, don shi ne zai fi cin ki. Kafin ki ƙaro ko kaza ɗaya, ki nemi rigakafin fakat, wato cutar da muke kira Newcastle. Ita ce ke share kajin gida a ƙasar nan, musamman in hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu. Za ki ga kaza ta yi jugum, ta saki fukafukai, tana koren zawo, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kwana uku zuwa biyar akurki ya zama kango. Ƙwayar bairos ce, ba ta da magani in ta kama, rigakafi kawai.

Rigakafin akwai mai suna Lasota, akwai kuma I-2 wadda ta fi jure zafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin su. Ki je wajen likitan dabbobi ko shagon da kika ga suna ajiye ta a firji, ki zo da ita a cikin ƙanƙara. Ki hana kajin ruwa kamar awa biyu da safe, ki haɗa a ruwan rijiya mai tsabta, ba ruwan famfo mai sinadarin kulorin ba, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya rage ba a ajiye shi. Ki maimaita duk bayan wata uku.

Ƙaramar kwalba ma ta kaji masu yawa ce, ke kuma uku gare ki. Saboda haka ki tambayi matan layinku masu kaji ku haɗa kuɗi ku yi rana ɗaya. In kajin maƙwabta ba su da rigakafi, naki ma suna cikin haɗari.

Batun zakara kuma, ki duba ko akwai fitila da ke haska inda yake kwana.

Maman_Ilham:
Dakta na gode ƙwarai. Wallahi akwai. Maigidan ya sa fitilar sola a bayan gida saboda ɓarayi, kwana take a kunne, kuma a kansu take.

Dakta_Bashar:
To ga rabin matsalarki nan. Zakara yana da agogonsa a jiki, ko a ɗaki mai duhu zai yi cara gab da asuba, masu bincike a jami'ar Nagoya ta Japan sun gwada haka a 2013. Wannan ba ki da yadda za ki yi da ita. Amma haske da motsi da carar wani zakara suna ƙara tunzura shi ya yi a lokacin da ba nasa ba. Ki raba shi da fitilar nan, ki kai makwancinsu ɗaya ɓangaren gidan, nesa da tagar mutane.

Sani_Kafinta:
Hajiya in za a yi miki akurki, kada ki yarda a yi miki akwatin kwano rufe ruf. Na sha ganin haka. Zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu yana wuce digiri 40, kwano kuma tanda ne. Kaza ba ta gumi, haki take yi da baki buɗe, in iska ba ta ratsawa sai ki tarar da su a kwance. A yi ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa kamar tsawon gwiwa, gefe biyu waya, a ɗora zana ko ciyawa a kan rufin. Mita biyu da mita biyu ya ishi kaji goma su sake. A gitta sanda a ciki don kaza a sama take son kwana. Wayar kuma ki sa a sayo mai ƙananan ido, mai faɗin ido ɓera yana shiga, kan 'yan tsaki kuma yana maƙalewa. Ƙarƙashin dogon yaron nan da kika ce, in ba shi ne jikin katangar maƙwabcin ba, nan ne wurinsa.

Ummu_Sudais:
Ni dabarar da na yi, da magariba nake kama nawa in sa shi a kwando in kife, in rufa tsohon bargo, in tura shi cikin sito. Zakara sai ya miƙe wuya yake cara da ƙarfi, in kwandon gajere ne sai dai ki ji wani guntun gurnani. Sai bakwai na safe nake sako shi. Shekara guda ke nan ba wanda ya ƙara yi mini magana.

Sani_Kafinta:
Bargo a watan azumin bana da an wayi gari da gasasshe.

Ummu_Sudais:
Lokacin zafi ba na rufawa mana, sito kawai. Kai ma dai.

Yaro_Na_Gesse:
Akwai wani abu da na gani a intanet, kamar ɗamara ake ɗaura masa a wuya, sai carar ta ragu.

Dakta_Bashar:
Na san shi. Ban ba da shawararsa ba. In ya yi sako-sako bai hana komai ba, in ya matse kuma abinci ya tsaya masa a wuya. An taɓa kawo mini wanda aka ɗaura wa robar taya, kafin a iso ya mutu. In har abin ya kai ga shaƙe dabba, yanka ya fi mutunci.

Malam_Umaru_Argungu:
Ina ganin a nan akwai haƙƙi biyu, kada a ɗauki ɗaya a yar da ɗaya. Ya tabbata a hadisi cewa idan muka ji carar zakara mu roƙi Allah falalarsa, kuma an hana zaginsa saboda yana tayar da mutane sallah. Saboda haka Baba_Manomi bai yi kuskure ba da ya ce ba abin ƙi ba ne. Amma kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Kiwon zakara halal ne, ba wajibi ba. Kauce wa cutar da maƙwabci kuwa wajibi ne. Shawarata, 'yar'uwa, kada ki tsaya fassara habaici. Maigidanki ya samu mutumin bayan sallar la'asar, ya ce masa mun san dabbar nan tana damunka, ga abin da muke shirin yi, ka ba mu mako guda. Sau da yawa jin cewa an damu da damuwarsa ya fi masa shirun zakaran.

Hajjo_Gwandu:
Malam ya gama magana. Amma ni bari in faɗa muku, duk rigimar kaji da na gani a unguwa, ba cara ce ta haddasa ta ba. Yawo ne. Ina zaune gidan haya shekarun baya, mu huɗu a tsakar gida ɗaya. Wata ta shanya dafaffiyar shinkafarta ta sayarwa a kan tabarma, ta shiga ɗaki ba da nono. Kazata da 'ya'yanta tara suka hau, suka ci, suka tone, suka yi kashi a tsakiya. Kafin in fito ta jefe ta da muciya ta karya mata ƙafa. Ni na ga ƙafar kaza, ita ta ga jarinta. Muka yi wata huɗu ba ma gaisawa, yaranmu ma aka hana su wasa tare, sai da mai unguwa ya sa baki. Yau in na tuna kunya nake ji, don ita ce mai gaskiya. Kaza ba ta san iyaka ba, mai ita ne ya sani.

Maman Ilham, kajin Hausa suna tashi, katangar bulo shida ba komai ba ce a wurinsu. Ki sa almakashi ki rage dogayen gashin fiffike ɗaya, ɗaya kawai, ba biyu ba. In ta yunƙura sai ta karkace ta faɗo. Ba ya mata zafi in ba ki kai ga tushe ba, amma yana sake tsirowa, sai ki riƙa dubawa.

Aliyu_Kamba:
Ni kuma wari. Maƙwabcina ya zuba kajin gidan gona ɗari biyu a bayan ɗakina saboda kasuwar sallah. Ba cara ko ɗaya, ai ba su kai ba ake sayarwa. Amma da damina ta sauka ruwa ya shiga ƙarƙashinsu, wallahi ko abinci ba ma iya ci a tsakar gida, ƙuda kuwa kamar an yi shela. Ya kuma riƙa wanke mazubin ruwansu yana sakowa ta kwata ta bi ta ƙofar gidana. Na yi magana sau uku, na huɗu na kira duba-gari. Da a ce zakara ɗaya ne da shi da na gode wa Allah.

Dakta_Bashar:
Wari daga jiƙa yake zuwa. Busasshen kashin kaza ba ya damun kowa. Ku a Kebbi ma kun huta, ɓuntun shinkafa ga shi nan tuli a bayan kowane injin casa. A shimfiɗa shi da kauri kamar tsawon yatsa, a riƙa juyawa, in ya dunƙule a kwashe a sa sabo. Abin da aka kwashe kuma taki ne, masu albasa a Aliero da masu lambu a fadama kuɗi suke saye. Sai dai a bar shi ya huce tukuna, ɗanyensa yana ƙona shuka.

Rabi_Zuru:
Ni tambayata daban. Tunda ƙwai take so, me zai hana ta bar na Hausa ta sayi masu ƙwai na gidan gona? Ba ruwanta da zakara, ba tsallake katanga.

Abu_Hanifa_Jega:
Lissafin ne ya bambanta. Kazar Hausa takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta tsaya ta yi kwanci, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, sannan ta yi watanni tana yawo da 'ya'ya. A shekara da wuya ta wuce 60. Ta gidan gona in ta samu abinci yadda ya kamata tana haura 250, tana farawa tun tana wajen wata biyar. Amma ita ba ta san tsince-tsince ba. Kowace tana cin kusan giram 120 a rana, kaji goma ke nan buhu mai kilo 25 mako uku zai yi miki. Ranar da kika ce bari in haɗa musu da dusa don buhu ya yi tsada, a ranar ƙwai zai fara ja da baya. Ga laulayi. Mai koyo da ya fara da 'yan kwana ɗaya, ga dumama su, ga rigakafin cutar Gumboro, ga na fakat, yawanci kuka yake ƙarewa da shi. In ma za ta saya, ta sayi waɗanda suka kusa fara ƙwai.

Akwai kuma irin kajin da ake kira Noiler, tsaka-tsaki ne, suna cin ragowar tuwo da dusa, sun fi na Hausa girma da ƙwai. Sai dai ba su cika kwanci ba, in kina son 'ya'ya sai ki sa wa ta Hausa ƙwan.

Rabi_Zuru:
To ai ka ga ko nan ta Hausa ta yi rana.

Baba_Manomi:
Yo dama. Wanga buhu da kuke ta lissafi, mu ba mu san shi ba. Tsaki, dusar gero, ɗan ƙuli-ƙuli, sai gara. Ka samu tsohuwar tukunya ka cusa kara da busasshen kashin shanu, ka yayyafa ruwa, ka kife ta bakin gidan gara da marece. Da safe ka ɗauko ka zazzage ma ɗiyan kaji, ka ga yadda suka girma. In sun yi jugum kuma a daka barkono a jiƙa da ɓawon maɗaci a ba su. In ta ƙi, a ɓare kafso ja da rawaya a zuba.

Dakta_Bashar:
Baba, garar nan na sa hannu, abinci ne mai gina jiki na gaske. Wanda ke kusa da Yauri ma ya nemi garin busasshen kifi da ke zubewa wajen masu sayarwa, ya haɗa da dakakken ɓawon ƙwai ko ƙonannen ƙashi saboda ƙarfin ɓawo. Dusar shinkafa ma tana yi, in ba a cika ta da ɓuntu ba. Amma kafso ɗin nan ina roƙo a bari. Ba ya taɓa fakat ko kaɗan. Waɗanda suka tashi bayan an ba su, dama za su tashi. Kuma maganin yana fitowa a ƙwai, yaran Maman Ilham ne za su ci, ranar da suke buƙatarsa a asibiti ya ƙi yi musu aiki.

Wani abu kuma: duk kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin a haɗa. Mutane suna kai kaji kasuwa ne da zarar sun ga ciwo ya shigo garinsu, shi ya sa za ka ga sun yi araha. In kuma kuka ga suna zubewa da yawa a rana ɗaya, fuska a kumbure, tukku ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka a ci, kada a jefar a bola, a sanar da ofishin dabbobi. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ba ta daina dawowa ba.

Baba_Manomi:
Dakta kai da bokonka, ni da shekaruna. Mun ji dai.

Yaro_Na_Gesse:
Ku da kuke ganin abin wasa ne, a Faransa har kotu aka kai wani zakara mai suna Maurice saboda cara. A 2019 alƙali ya ba mai zakaran gaskiya. Bayan nan ma suka yi doka a 2021 mai kare ƙarar karkara da warinta.

Hajjo_Gwandu:
Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan, ko ana muzuru ana shaho, ko ana lauya.

Nas_Zainab:
Karkara ka ce ai. Su masu ƙarar baƙi ne, gidan hutu kawai gare su a garin. A nan kuwa mutumin yana zaune, zakara ne baƙo.

Lawali_Gusau:
Ina biye da ku daga Gusau. Ku gode wa Allah zakara ne. Ƙanena ya sa wa kaza ƙwan zabi guda goma sha biyu, bayan mako huɗu ta ƙyanƙyashe tara. Suna ƙanana abin sha'awa. Da suka girma unguwa ta gane kurenta. Zakara yana yi yana hutawa, zabi in suka fara sai sun gaji don kansu, kuma kan rufin maƙwabta suke taronsu. Amfaninsu ɗaya, ko kyanwa ce ta gitta cikin dare sai kowa ya sani. Wani dattijo a layin ya ce a bar su, sun fi maigadi.

Ummu_Sudais:
Tunda an zo nan ina da tambaya ga Malam Umaru. Kazar maƙwabciyata ta mayar da bayan randata wurin ƙwai. Kullum sai na tsinci ɗaya. Hatsina take ci, ruwana take sha, a gidana take yini. Ƙwan na wa ne?

Malam_Umaru_Argungu:
Na mai kaza ne, Hajiya. Ki tara ki aika mata, ki kuma gaya mata inda take yi. In ta ce ki ci, ya halatta. Hatsinki kuma kina da damar cewa ta tsare dabbarta.

Ummu_Sudais:
Malam na riga na soya shida.

Abu_Hanifa_Jega:
Sai ki je da bakinki da kiret ɗinki.

Sani_Kafinta:
Kada a manta da masu ɗauka. Shirwa da rana, muzuru da gafiya da dare, sai mai ƙafa biyu wanda ya fi su duka. 'Yan tsaki a tsare su a ƙarƙashin kwando ko cikin waya har su yi wata guda da rabi. Wasu suna shafa musu shuɗi ko ja don shirwa ta kasa gane su, matata tana yi, ta ce yana aiki, ni dai na fi yarda da waya. Akurki kuma a sa masa kwaɗo. Ana gobe sallah aka kwashe mini bakwai, ko kyarkyara ban ji ba.

Rabi_Zuru:
Kyarkyara ma da ka ambata, Maman Ilham kada ki ɗauka in zakara ya tafi gidan zai yi tsit. Kaza in ta sauke ƙwai sai ta sanar da duniya, kuma da hantsi take yi, daidai lokacin barcin mai aikin dare. Ba ta kai cara ba dai, kuma minti kaɗan ne.

Maman_Ilham:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na nuna wa Baban Ilham abin da Malam Umaru ya rubuta, ya samu maƙwabcin a masallaci. Mutumin ya yi ta rantsuwa shi bai aiko matarsa ba, har ya ji nauyi. Amma da aka ɗan jima ya ce gaskiya ta daren ce ke wahalar da shi, ta rana yana toshe kunne da auduga. Mun juya fitilar ta kalli ƙofa, mun mayar da su ɗaya kusurwar, da magariba kuma Ilham ke kama shi ta kai sito, ta ma mayar da abin aikinta. Daren jiya sai wajen biyar saura na ji shi, can ƙasa-ƙasa. Na aika wa matar da ƙwai biyar na farko da jar kazar ta yi, ta dawo mini da kwanon da dambu a ciki.

Yanzu kuma ɗayar ta kwanta a kan ƙwai goma sha ɗaya. Baban Ilham ya ce a bar zakaran har a ga ƙyanƙyasa, in ya so a kai shi gonar wansa a Kalgo, in Inna ta tambaya a ce ya tafi aiki. Ni kuma na fara sabawa da shi, ban sani ba.

Hajjo_Gwandu:
Sabo da kaza dai kin san sauran. Kuma ki shirya, cikin sha ɗayan nan kusan rabi zakaru ne. Nan da wata biyar ba ladan ɗaya za ki ba su ba, jam'i guda ne.

Nas_Zainab:
Ki dai sake tambayar matar bayan mako biyu, ke da ita, ba a gaban mazan ba. "Ba komai" na masallaci ba a gina akurki a kansa.

Baba_Manomi:
Ku kai shi Kalgo ku gani in ba ta tambaye shi da suna ba. Tsohuwa ta san kazarta ko cikin miya.

Aliyu_Kamba:
Dakta, batun kwalbar rigakafin nan, mu a Kamba wuta ba ta zama. In na saye ta a Birnin Kebbi da safe na sa a fulas da ƙanƙara, za ta kai yamma? Kuma agwagi biyu da ke cikinsu, su ma a ba su ko a ware su?